Saurin kiɗa da mazaunin murya a faifan Boléro na 1930: sauraro da kunnen Arewa

1. Gabatarwa

Wannan ɗan nazari zai dubi faifan Boléro wanda Maurice Ravel ya ɗauka da kansa a Paris a 1930, tare da makaɗan Lamoureux. Dalilin zaɓensa shi ne, duk wanda ya saba da wasan bori a Dogon Dutsi ko Tibiri, in ya ji shi, sai ya ce ai ɗan'uwan kiɗan goge ne. Za mu auna wannan magana.

2. Ginin kiɗan

An fara kaɗa Boléro a 1928. Ƙaramar ganga ce ke riƙe da shi, tana maimaita zubi guda tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda masu ƙwarya ke yi wa mai goge shimfiɗa. A kan wannan shimfiɗa karin waƙa biyu ke karɓa-karɓa har sau 18, kayan busa da na tsirkiya suna ta ƙaruwa. Mazaunin muryar, wato do majeur, ba ya gusawa sai dab da ƙarshe, inda ya ke tsallakawa zuwa mi majeur na ɗan lokaci ya komo. Saboda an daɗe ana jira, tsallaken nan kan zo wa mai sauraro kamar ɓallewar madatsar ruwa.

3. Batun sauri

Faifan na ɗaukar kusan minti 16. Amo na hauhawa, amma tafiyar ba ta ƙara sauri, kuma nan ƙarfinsa ya ke: zuciya na son a ruga, ganga ta hana. Abin da ke biyo baya ƙunci ne da fargaba. Don haka ne Ravel ya yi saɓani da Toscanini a 1930, lokacin da wannan ya kaɗa shi da hanzari a Paris, domin gaggawa na mai da fargabar ta koma shagali.

A fagen bori kuwa, idon mai goge na kan doki. Kowace iska da takenta. In ya ga alamun hawa sun kusa, sai ya matsa, masu ƙwarya su bi shi. Gilbert Rouget ya nuna a 1980 cewa amo kaɗai ba ya kawo hawa, sai ɗan bori ya gane taken iskarsa.

4. Kammalawa

Ke nan kamar da ke tsakaninsu ta tsaya ga maimaici. Ravel ya ƙayyade saurinsa a takarda tun kafin a taru, shi kuwa mai goge a tsakiyar taro ya ke yanke nasa. Ya kamata ɗalibin da zai kwatanta kiɗan Turai da na Arewa ya fara da tambayar: linzamin sauri a hannun wa ya ke?