So ko Ƙauna? Ƙagaggun Labaran Soyayya na Kirista da Mai Karatun Hausa a Agege

1.0 Gabatarwa

Tun daga 1994 da Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa littattafan soyayya sunan Adabin Kasuwar Kano, manazarta sun sha tafka muhawara a kan harshensu da jigoginsu da tasirinsu ga tarbiyya. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme duk sun tofa albarkacin bakinsu, Brian Larkin (1997) kuma ya danganta zubinsu da finafinan Indiya. Sai dai masu suka da masu kariya sun haɗu a kan zato guda, wato mai karanta labarin soyayya da Hausa Musulmi ne, kuma matsalolinsa na aure su ne na Musulmi. Wannan maƙala za ta waiwayi mai karatun da aka tsallake, shi ne baligin Kirista mai jin Hausa, domin a ga irin labarin soyayyar da ke isa hannunsa, da abin da ke cikinsa idan aka auna shi da na Kano. An zaɓi Agege ta Legas a matsayin farfajiya, saboda a can ne littattafan biyu ke haɗuwa a unguwa ɗaya.

2.0 Agege da Masu Jin Hausa Iri Biyu

Fataucin goro da jirgin ƙasa su ne suka raya Zangon Agege. Bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, gonakin goro na kewayen Agege sun janyo fatake daga Arewa, daga baya cinikin shanu da mayankar Oko-Oba suka ƙara musu yawa. Abin da Abner Cohen (1969) ya gano a Sabon Ibadan ya dace da nan: a zango, zama Bahaushe da zama Musulmi kusan abu ɗaya ne a idon mai masauki da baƙo.

Amma akwai wasu masu jin Hausar da ba sa cikin wannan lissafi. Su ne 'yan Filato da Kudancin Kaduna da Bauci da Gombe da Adamawa, da tsirarun Hausawa Kirista na ƙasar Kano da Katsina da Zazzau, waɗanda aikin soja ko na ɗan sanda ko na kamfani ko gadi ya kawo su Ikko. Da yawansu da Hausa suke sujada a majami'un ECWA da COCIN, da ita matansu ke rera waƙa a Zumuntar Mata. Matar da ke cikin wannan rukuni, in tana sha'awar labarin soyayya, hanya biyu ke gabanta. Ko ta karanta na Kano, wanda harshensa nata ne amma dokokin aurensa ba nata ba, ko ta nemi na Amurka a shagon littattafan majami'a da wurin masu baza gwanjon littattafai a bakin titi, wanda addininsa nata ne amma harshensa da ƙasarsa baƙi ne.

3.0 Giɓi Mai Tsohon Tarihi

Abin mamaki a nan shi ne, Kirista na cikin waɗanda suka aza harsashin labarin soyayya a rubutun zube na Hausa. Daga cikin littattafai biyar da Hukumar Talifi ta fitar bayan gasar 1933, Jiki Magayi ne kaɗai aka gina a kan soyayya da aure, kuma John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da Rupert East. Wusasa kuwa ita ce mazaunin da aka mayar da mishan ɗin Dakta Walter Miller a 1929, bayan zamanta a cikin birnin Zariya tun 1905. Duk da haka Abubakar da Zainab da Malam Shehu, mai dukiyar da ya raba su, Musulmi ne, haka ma Kyauta, ɗan da sammu ya mayar ɓarawo har ya kashe mahaifinsa cikin rashin sani. Marubucin bai saka ko inuwar majami'a a labarin ba. Ana iya cewa manufar Hukumar ce ta samar wa makarantun lardunan Musulmi abin karatu, kuma haka ne. Sai dai abin da aka fara bisa larura ya zama al'ada. Daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid (1980) zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa (1994), babu fitaccen littafi guda da ya ɗauki gidan Kirista a matsayin dandalinsa. Inda Kirista ya ɓullo a irin waɗannan labarai, galibi musuluntarsa ce ke share fagen ɗaurin aure.

Ba rashin rubutu da karatu ne ya jawo haka ba. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, maɗaba'ar SIM a Jos kuma ta daɗe tana fitar da littattafan waƙoƙi da na koyarwa. Amma 'yan mishan sun ɗauki Hausa a matsayin harshen bishara, ba su ga dalilin ɓata tawada a kan ƙagaggen labari ba. Lokacin da suka so jan hankalin matasa masu ilmin boko, da Ingilishi suka yi, ta mujallar African Challenge da SIM ta riƙa bugawa a Legas daga 1951. Ɗan makarantar mishan ya tashi yana addu'a da Hausa, yana hira da harshen kakanninsa, yana karatun nishaɗi da Ingilishi. Rikice-rikicen Kafancan (1987) da Zangon Katab (1992), waɗanda suka zo daidai da bunƙasar littattafan soyayya a Kano, sun ƙara sa wasu ƙabilun ɗari-ɗari da harshen. Basirar da ta rage sai ta malala cikin waƙa, kamar yadda ake ji a bakin mawaƙa irin su Solomon Lange.

4.0 Zubin Labaran Amurka

Wannan nau'i na adabi ya kafu ne a Amurka da Kanada. Grace Livingston Hill (1865–1947) ce ta share masa hanya da littattafai fiye da ɗari, Janette Oke ta farfaɗo da shi da Love Comes Softly a 1979, har kamfanin Harlequin ya buɗe masa reshe na musamman a 1997. Lynn Neal (2006) ta yi nazarin matan da ke karanta shi, ta nuna cewa suna ɗaukar karatun a matsayin wani ɓangare na ibada. Abin da ya bambanta shi da sauran labaran soyayya shi ne taurarinsa uku ne: namiji da mace da Ubangiji. Cikas ɗin da ke tsakanin masoya ba iyaye ba ne, ba talauci ba ne, raunin bangaskiyar ɗayansu ne, kuma labari ba ya warwarewa sai an tuba.

A littafin Oke, Marty matashiya ce da mijinta ya rasu suna kan hanyar ƙaura zuwa yammacin Amurka, ga ta da juna biyu, ba dangi ba guzuri. Clark Davis, wanda shi ma matarsa ta mutu ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya, ya nemi ta aure shi domin ta riƙe masa 'yar, shi kuma ya ba ta matsuguni. So ya biyo baya sannu a hankali. Mai karatun Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ra'ayin kakanninmu ne cewa zama shi ke kawo shaƙuwa. Wannan littafi yana da gaskiyarsa, kuma ƙarfinsa na cikin ƙananan abubuwa, kamar yadda Marty ke fama da girki da kaji da rikicin 'yar miji.

Redeeming Love na Francine Rivers shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, don shi ne mafi shahara a wannan fanni. An fara buga shi a 1991, aka sake fitar da shi a 1997 bayan an tace shi domin masu karatu na majami'a, aka kuma mayar da shi fim a 2022. Marubuciyar ta ɗauko ƙashin bayansa daga labarin Annabi Hosiya, wanda wata fassarar Hausa ke kira Yusha'u, ta dasa shi a Kalifoniya ta shekarun 1850, zamanin rububin zinariya. Angel an sayar da ita ga karuwanci tun tana yarinya. Michael Hosea, manomi mai tsoron Allah, ya ji umurni daga sama cewa ita ce matarsa. Ya aure ta tana kwance cikin jinyar dukan da aka yi mata, ta yi ta gudu yana dawo da ita, sai a gudun ƙarshe ya ƙyale ta, ta sami bangaskiya da kanta, ta kafa gidan koya wa mata irinta sana'a, sannan ta komo.

Dole a yaba wa Rivers a kan abu biyu. Ba ta ɓoye munin abin da aka yi wa yarinyar ba, kuma ta gane cewa tubar da aka yi don miji ba tuba ba ce, shi ya sa ta raba su kafin ƙarshe. Amma a ganina littafin yana da rauni a gindinsa. Da yake Michael yana wakiltar ƙaunar Ubangiji ne, marubuciyar ta hana shi yin kuskure mai nauyi, ta haka ya tashi daga mutum ya koma alama. Mafi muni, amincewar matar ba ta da muhalli a farkon auren. An ɗaura shi ne a lokacin da ba ta cikin cikakken hayyacinta, hujjar kuwa ita ce shi ya ji murya, ita ba ta ji ba. In aka tuɓe wa wannan rigar addini, me ya rage in ba auren dole ba?

A nan ne marubutan Kano mata suka yi wa takwarorinsu na Amurka fintinkau, ko da yake ba a cika faɗa ba. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), Abu ma an aurar da ita ba da sonta ba ga Sarkin Noma, ita ma ta gudu. Sai dai gudunta bai zama zunubin da za ta tuba daga gare shi ba. Shi ne mafarin karatunta har ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma da hujjojin addininta marubuciyar ta kare ta. Matar Agege da ta karanta littattafan biyu za ta tarar cewa wanda aka rubuta da sunan addininta yana koya mata komawa, wanda aka rubuta a wani addinin kuma yana ba ta izinin tambaya.

5.0 Abin da Zai Fuskanci Mai Rubutawa da Hausa

Wanda duk ya yi niyyar cike wannan giɓi ba zai iya ɗaukar zubin Kano ya sauya sunaye kawai ba, Amina ta koma Rifkatu, liman ya koma fasto. Injin da ke tafiyar da labarin Kano ƙafa biyu gare shi, kishiya da saki. Da su ake ƙulla rikici, da su ake kwance shi, kamar yadda aka gani a Alhaki Kuykuyo Ne (1990) inda korar Rabi daga gidan Alhaji Abdu ta buɗe sauran labarin. Majami'a ta rufe ƙofar farko ruf, ta biyun kuma ta bar ta a ƙuntace. Saboda haka rikicin gidan Kirista yana da wata kama dabam: matar da ba ta haihu ba alhali miji ba shi da damar ƙari, dangi kuma suna matsa masa, magidancin da ya shiga addinin da mata biyu aka ce sai ya rabu da ɗaya kafin a yi masa baftisma, farkar da aka ajiye a wata unguwa wadda ba a san da ita ba sai ranar jana'iza, gidan da wa ke zuwa masallaci ƙane ke zuwa majami'a, ga 'ya ta kawo manemi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai shiga littafin Oke ko na Rivers ba, kuma tuba a babin ƙarshe ba za ta warware su ba, kamar yadda haɗarin mota da gadon ba-zata ba su taɓa warware na Kano da gaske ba.

Sai batun kalma, wanda ya fi shafar masu nazarin harshe. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki sun keɓe "ƙauna" ga abin da ke tsakanin Ubangiji da bayinsa da kuma tsakanin 'yan'uwa a bangaskiya, har kalmar ta yi nauyi a kunnen mai zuwa majami'a fiye da yadda take a kunnen Bakano. A wurin Ado Gidan Dabino so da ƙauna tagwaye ne masu ƙarfafa juna. A bakin mai wa'azi kuwa ana iya gwama su a matsayin kishiyoyi, so na jiki mai gushewa, ƙauna ta ruhu mai dawwama. Barbara Cooper (2006) ta nuna yadda zaɓen kalmomi irin wannan ya yi tasiri a rayuwar Kiristocin Maraɗi. Ke nan Hausa ta riga ta tanadi, a cikin kalmomi biyu, rikicin da Rivers ta ɓata ɗaruruwan shafuka tana ginawa da kalmar Ingilishi guda.

Matsalar da ta fi wuya ita ce wace Hausa taurarin za su yi magana da ita. Hausar da ake ji a majami'un Jos da barikokin Legas sau da yawa ba ta rarrabe jinsin namiji da na mace, tana kuma sassauta ƙ da ɗ da ɓ. In marubuci ya sa wa matar soja 'yar Langtang Daidaitacciyar Hausa a baki, ya yi mata ƙarya, masu karatunsa kuma za su gane tun a shafin farko. In ya rubuta yadda take furtawa, mu malaman jami'a ne za mu fara cewa ya gurɓata harshe, kamar yadda aka ce wa marubutan Kano a shekarun 1990 saboda kurakuran ƙa'idojin rubutu, har aka shagala da lissafin ɗauri da raba kalma aka bar abin da Abu da Rabi ke faɗa.