«In line» ko «on line»? Sharhi a kan wani salon gyaran kuskure a ajin Ingilishi

1. Gabatarwa

A wata makarantar sakandare ta Gudel, a yammacin Yamai, mun ga takardar wata ɗaliba da ta rubuta: «The women are standing on line at the pump.» Malami ya soke «on» da jan biro, ya rage mata maki, ya rubuta a gefe: «interférence du haoussa». Wannan hukunci ne muke son dubawa, domin ya zama ruwan dare.

2. Raunin hujjar

Tunanin malamin ya samo tushe daga Robert Lado (1957), wanda ya ɗauka cewa harshen uwa ne babban mafarin kuskuren mai koyo. To amma mu dubi Hausar kanta:

(1) Muna kan layi.
(2) Muna bisa layi.
(3) Muna cikin layi.

Duka ukun karɓaɓɓu ne, sai dai an fi jin «bisa» a karin yamma. Kamar yadda Paul Newman (2000) ya bayyana, «kan» da «cikin» sun fito ne daga sunayen sassan jiki, wato kai da ciki. Ke nan Hausa tana da abin da ya dace da «on», tana kuma da abin da ya dace da «in». Ta yaya za ta tilasta wa ɗaliba ɗaya daga ciki? Ban da haka, Gudel tsohon garin Zabarmawa ne; malamin bai ma tambayi harshen da yarinyar ta tashi da shi ba.

3. Abin da masu harshen suke faɗa

A Ingila ana cewa «in the queue». A yawancin Amurka «in line» ake cewa, amma mutanen New York sun saba da «on line», kamar yadda binciken karin harshe na Bert Vaux a Harvard (2003) ya nuna. A Nijeriya kuwa ana jin «on the queue» har a Legas, a bakin waɗanda ba su jin Hausa. Faransanci ma haka yake: «faire la queue» a Faransa, «faire la file» a Beljiyam, «faire le rang» a nan Yamai.

4. Kammalawa

Ba mu ce kada a yi gyara ba. Jarrabawa tana da karin da take bukata, kuma haƙƙin ɗaliba ne a gaya mata shi. Abin da muke suka shi ne kiran bambancin kari kuskure, sannan a ɗora laifin a kan Hausa ba tare da bincike ba. Ɗalibar ta yi asarar maki. Abin da ya fi wannan muni, an koya mata zargin harshen da bai yi mata laifi ba.