Ku Bar Hancin Yarinyar Nan Ya Huta

Don Allah marubutanmu na WhatsApp da Wattpad, a sassauta mana. An ce jarumar fara ce tas, mun ji. An ce dogon hanci, dara-daran idanu, gashi har gadon baya, kakarta Shuwa ce, mun yarda. Sai kuma a juya kan gogan: miskili ne, ba ya dariya, a lissafo mana turarensa da agogonsa da motocin da ke jere a harabar gidansu. Shafi uku cur, ba wanda ya ɗaga ƙafa daga inda yake. Labarin yana tsaye a ƙofa yana ta sallama, ba mai amsawa.

Wannan haushin ne ya mayar da ni ga littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na ji kamar an sauke mini kaya. Duba Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990. Ga Rabi da 'ya'ya tara, ga Alhaji Abdu ɗan kasuwa mai kuɗi amma mai ƙwauron cefane, ga Delu da ya kwaso daga bariki. Abin da ke zama a ran mai karatu game da Rabi ba fatarta ba ce, wahalar da take sha kafin tukunya ta hau wuta ce, da yadda ta kama sayar da abinci bayan an kore ta da yaranta. Hajiya takan kafa jimla gajera, ta faɗi abin da ya faru, ta wuce. Idan faɗa ya kaure tsakanin mata, sai ka ji habaici da gugar zana irin na tsakar gidan Kano, babu wadda ta tsaya yi mana lacca. Daga bakin mutum kake gane halinsa.

Kuma ba dace ta yi sau ɗaya ba, hannunta ne haka. A Budurwar Zuciya na 1987 ta sa Alhaji Usman, mai auri-saki, ya tona wa kansa asiri da ayyukansa, ba ta ɓata tawada wajen zaginsa ba. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta, an ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma, ta gudu birni ta nemi ilimi. Ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama, amma alƙalaminta bai yi ta kururuwa a kan haka ba. Wannan kamun kai shi nake nema a rubutun yau, na rasa.

To me ya same mu? Yanzu kuka kaɗai sai ya ci rabin babi. Hawaye wani na bin wani, zuciya na bugawa fat-fat, numfashi na sarƙewa, sannan a jera fuskokin nan masu kuka guda goma, don kada mu manta ana baƙin ciki. Jaruma 'yar ƙauye ce da ba ta gama firamare ba, amma da ranta ya ɓaci sai Turanci ya ɓalle mata. Haba jama'a!

Na sani, za a ce mai rubutu a waya kullum ana bin ta bashin ci gaba, masu karatu sun biya kuɗi, dole a cika shafi. Gaskiya ne, kuma cikin marubutan akwai masu hannu. Ita ma Hajiyar ba ta tsira ba: gobarar da ta cinye dukiyar Alhaji Abdu ta zo a kan kari fiye da kima, kuma har gobe ina jin zafin yadda aka matsa wa Rabi ta koma masa. Amma ai kun ga abin da nake jayayya da ita a kai, makomar mace ce da na ɗauka tamkar maƙwabciyata. Su kuwa waɗancan jarumai, da na rufe wayar nake manta wacce ce Amal, wacce ce Meenal.