Taswirar da Aka Bar Cikinta Fari

A 1981 kamfanin TSR na Amurka ya fitar da wani ɗan littafi mai suna The Isle of Dread, wanda David Cook da Tom Moldvay suka rubuta don wasan Dungeons & Dragons. Ga wanda bai san wasan ba, mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur, kowa ya shiga rigar wani jarumi, ɗaya kuma ya zama madugu. Shi ke faɗin abin da suka gani da abin da ya auka musu. In an zo wurin gwada sa'a, kamar kai wa dodo sara, sai a jefa ɗan lido mai fuska ashirin ya raba gardama.

Ni dai a littafin nan taswira ce ta fi ɗaukar hankalina. Ta madugu cike take, a ɓoye. Wadda ake miƙa wa 'yan wasa kuwa, wai wani matuƙin jirgin ruwa ne, Rory Barbarosa, ya bar ta, kuma kusan gaɓar tsibirin kawai ya zana, don bai kutsa ciki ba. Tsakiya fara fat, an yanka ta gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Duk gidan da suka taka, madugu ya ce fadama ce ko dutse, wani ya sa fensir ya cike. Sai ka ga ƙato da gemunsa ya yi tsit, fensir a hannu, yana jiran a gaya masa abin da ke gaba, kamar yaro a gaban kaka da dare.

Masu tsara irin wannan wasa suna ƙaunar tsibirai ne don wani dalili na sana'a. A kan tudu, in ka kafa birnin aljannu kwana biyu daga kasuwa, lalle wani zai tambaya yadda aka yi fatake ba su taɓa jin labarinsa ba. Teku takan kashe bakin wannan tambaya. Kowane tsibiri da tasa doka, kuma babu ruwan wannan da abin da ke gudana a wancan. Shi ya sa tsibirin da muke magana, wanda ke cikin tarin tsibiran Thanegioth, ya iya ɗaukar dabbobin dinoso, da mutane masu siffar kyanwa, da gizo-gizo masu tsafi, ba wanda ya ɗaga gira.

Wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya ya san dabarar tun kafin a haifi Cook. Sindibad ya sauka a tsibiri, aka hura wuta, ashe bayan kifi ne. A wani ya hango farar ƙubba, ya zagaya bai ga ƙofa ba, ashe ƙwan tsuntsu ne. A wani kuma tsoho ya haye wuyansa ya ƙi sauka. Jirgi ya fashe, labari ya sake sabon lale. Cook ɗin ma ya dawo wa wannan tushe a 1992 da Golden Voyages, wanda ya rubuta wa duniyar wasan da ake kira Al-Qadim.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Farin da ke taswira, fari ne ga wa? A tsibirin akwai ƙauyuka, har da Tanaroa, a gindin wata ƙatuwar ganuwa da ta raba mazauna da namun dawa, hoton da ke tuna wa mai kallo fim ɗin King Kong na 1933. Mutanen nan sun san ƙasarsu. Amma a tsarin wasan su ne 'yan rakiya da masu nuna hanya, baƙo kuma shi ne mai ganowa, shi ke kwasar dukiya ya koma gida. Wanda kakanninsa suka ga zuwan Turawa masu awon ƙasa ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Marubuciya Ursula K. Le Guin ta bi wata hanyar a A Wizard of Earthsea na 1968. Littafin labari ne, amma masu wasa sun sha ɗiba a cikinsa. Duniyarta duka tsibirai ce, jaruminta Ged ɗan tsibirin Gont ne, makiyayin awaki mai jan fata, fararen fata kuwa su ne maharan da ke zuwa ta ruwa. Tsibiran duk suna da sunayen da mazaunansu ke kira, kuma abin da Ged ya zaga teku yana nema, inuwa ce da shi da kansa ya saki a makarantar tsafi ta Roke.