Alkawarin Soke Haraji a Kunnen Talakawan Ƙasar Kano

Mu masu nazarin Hausa mun saba feɗe waƙa da tatsuniya da karin magana, amma jawabin shugaban jam'iyya mun bar wa 'yan jarida, sai ka ce ba da Hausa a ke yinsa ba. Alhali kuwa jawabin nan yana da sigarsa da dabarunsa, kuma yana da ma'auni wanda ya fi na waƙa tsanani, domin mai ji yakan koma gida ya jira ya ga ko abin da aka faɗa zai auku. Nufina a wannan 'yar takarda shi ne in duba alkawari guda ɗaya wanda ya daɗe a bakin jam'iyyun sawaba, watau alkawarin soke haraji da jangali, in auna shi da kunnen manomin ƙasar Kano. Na zaɓi Dawanau da ƙauyukan da ke kewaye da ita, a ƙasar Dawakin Tofa, kan hanyar Katsina, don su zama mahangarmu.

Da fari sai mu san mai sauraron. Ƙasar nan tana cikin kewayen birnin Kano inda mutane suka yi yawa, gonaki suka yi ƙanana, har ba a iya barin gona ta huta. Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a kewayen birnin cikin shekarun 1960, ya bayyana yadda a ke noma fili guda kowace shekara, ana ciyar da shi da taki, jakuna suna kai itace birni suna komowa da shara. Mutumin da ke zaune haka ba shi da rara. Abin da ya girba na gero da dawa ƙididdigagge ne, ya san damin da zai kai shi bazara da wanda ba zai kai ba.

Haraji kuwa da kaka a ke karɓarsa, kuma da tsabar kuɗi. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 akwai kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi da jangali. Dokar Lugga ta 1906 ita ta kama hanyar tattara su wuri guda, sa'an nan aka kafa baitulmali, sarki da hakimai suka koma masu albashi daga abin da aka tara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin biya. Wanda gyaɗarsa ba ta yi ba sai ya sayar da hatsi lokacin da ya fi araha, ya komo ya saye shi da tsada da damina, ko ya ci bashi, ko ya jinginar da gona, ko ya tafi cin rani. Mai unguwa ya ƙidaya, dagaci ya tara, hakimi ya kai. Wanda ya gaza, akan shanya shi a rana gaban jama'a. Saboda haka kalmar haraji a kunnen mutumin nan tana ɗauke da abu uku a ƙunshe: asarar hatsi, da bashi, da wulakanci. Mai jawabi in ya furta ta, ba ya bukatar dogon bayani, jiki magayi.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta gane wannan tun da wuri. Takardar manufarta, wadda aka sani da sunan Sawaba, ta raba jama'a gida biyu, masu riƙe da En'e da talakawa. Malam Aminu Kano, wanda ya zama shugabanta a 1953, ya ƙware wajen sauko da magana daga zauren taro zuwa dandalin lacca. Dabararsa, a ganina, iri biyu ce. Ta ɗaya, yakan ɗauki abin da kowa ya sani a jikinsa ya ba shi suna a fili, abin da a da sai a raɗa. Ta biyu, da ya ke malami ne ɗan malamai, yakan jingina hujjarsa ga addini da tarihin jihadi. Yana da madogara kuwa, gama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Ta haka sai ƙorafin talaka ya tashi daga matsayin tsaurin kai ya zama neman hakki.

Ya kamata mu tuna cewa manomin Dawanau bai halarci taron jam'iyya ba. Jawabin yakan iso masa a gutsure, ta bakin mai lacca, ko mawaƙin jam'iyya, ko ɗan kasuwa da ya kwana birni. A wannan tafiya duk wani sharaɗi da togaciya sukan zube a hanya, abin da ke isowa shi ne gundarin magana: za a daina biya. Wannan shi ne dalilin da ya sa alkawarin haraji ya fi sauran alkawura tafiya. Zancen gyaran tsarin mulki yana bukatar mai fassara, amma wannan ko yaro ya iya maimaita shi.

Masu ji kuwa ba su karɓe shi da fuska ɗaya ba. Talaka ya yi murna, amma murna mai haɗe da tsoro, domin wanda zai ƙidaya shi bana shi ne wanda a ke suka a laccar. Sananne ne cewa a zamanin En'e 'yan NEPU sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, sun sha duka a hannun 'yan Mahaukata, kuma sun yi ta kukan ana ɗora musu haraji fiye da ƙima. Don haka mutum yakan yi tafi a zuci, ya yi shiru a ƙofar dagaci. Wanda ya auna karɓuwar jawabin da yawan kujerun da NEPU ta ci a zaɓe, lalle zai yi kuskure. Masu sarauta su kuma sun ji shi a matsayin sara a gindin bishiya, gama haraji shi ne igiyar da ta ɗaure talaka ga mai unguwa, ta ɗaure mai unguwa ga hakimi. Sa'an nan ga ma'aikata da 'yan boko na jam'iyyar NPC, waɗanda suka yi tambaya mai nauyi: in an soke, da me za a biya malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da mai gyaran hanya? Ko da ya ke masu tambayar suna da tasu bukata, tambayar kanta daidai ce, kuma laccar sawaba ba ta cika tsayawa ta amsa ta ba.

An yi shekara kusan talatin alkawarin yana yawo ba mai ikon cika shi. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Malam Aminu ya kafa PRP, mai alamar makulli, aka sake ɗauko maganar. Wani abin mamaki, hukumar zaɓe ta so hana shi kansa takara a 1979 kan batun takardun biyan haraji, sai da kotu ta wanke shi. Zaɓen nan shi ne babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a, watau waɗanda ke ganin rumbu yana raguwa da kaka sun sami baki. PRP ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya hau mulki ran 1 ga Oktoba 1979, kuma cikin abin da ya fara yi har da shelar soke haraji da jangali. Alhaji Balarabe Musa ya yi haka a Kaduna. A nan jawabi ya ci jarrabawar da ba kowane jawabi ke ci ba: kaka ta zo, ba wanda ya zo karɓa. Har yau in dattawan ƙasar Kano suna yabon mulkin Rimi, da wannan su kan fara.

Amma mai nazari ba ya tsayawa inda mai tafi ya tsaya. Akwai abu uku da jawabin ya yi shiru a kansu, kuma a nan rauninsa ya ke.

Na ɗaya, cikawar ta zo da sauƙi ne domin zamani ya sake. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 sun rushe dalar gyaɗa, kuɗin man fetur da a ke rabowa daga tarayya ya zama abin dogaron jihohi. Abin da zai girgiza baitulmalin En'e a 1955 ya zama abin da gwamnati ke iya yafewa a 1979. Ba a gaya wa talaka haka ba, sai ya ɗauka alheri ne tsantsa na shugaba.

Na biyu, lacca ta fi ƙarfi kan harajin da ido ke gani. Hukumar cinikin amfanin gona, wadda ta riƙa yanke wa gyaɗa farashi ƙasa da na kasuwar duniya tana riƙe bambancin, ta ɗebi rabo mai yawa daga gumin manomi, amma da ya ke ba ta aiko dogari ƙofar gida, ba ta shiga baki kamar haraji ba. Mai jawabi yakan bi abin da ke sa tafi.

Na uku, soke haraji ya kwance igiyar sarauta, kuma wannan yana cikin nufin masu yi. Gabar da ta biyo baya tsakanin gwamnati da fada tana da dalilai da yawa, ta kai ga tarzomar 10 ga Yuli 1981, inda aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Jam'iyyar kanta ta dare gida biyu, santsi da taɓo, har Rimi ya bar ta a 1983, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa, ɗan wannan ƙasa da mu ke magana a kanta, ya ƙarasa wa'adin. Amma igiyar nan tana da baki biyu. Wanda ke biya yana da bakin tambayar ina kuɗinsa ya tafi. Da gwamnati ta daina bukatar sulen manomi, sai bukatar jin maganarsa ita ma ta ragu, in ba lokacin zaɓe ba.

Haraji kuma bai mutu ba, suna ya sake. Dokar soja ta 1998 da ta jera abin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta ba jihohi kuɗin raya ƙasa na naira 100 a kan mutum kowace shekara, ta bar wa ƙananan hukumomi harajin shanu da kuɗin kasuwa. Dawanau kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980, ta zama babbar kasuwar hatsi wadda fatake ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, kuma jikokin masu gudun dagaci su ne ke karɓar rasiɗi iri iri a yau.

Hukuncina shi ne, ta fuskar fasaha alkawarin soke haraji yana cikin mafi nagartar abin da siyasar Hausa ta haifar: gajere ne, ya taɓa jiki, yana da lokacin da za a gane gaskiyarsa, kuma an cika shi. Ta fuskar ilmantar da jama'a kuwa ya tsaya rabin hanya, domin ya koya wa talaka ƙin zalunci wajen karɓa, bai koya masa bin sawun abin da aka karɓa ba.

Ina roƙon malaman kwalejojin horon malamai su sa irin wannan jawabi cikin darasin Hausa. A ba ɗalibi jawabin shugaba, na da ko na yanzu, a tambaye shi abu uku: wa a ke nufi ya ji, me aka ce za a ɗauke masa, me kuma aka yi shiru a kansa. Sa'an nan a aike shi ƙauyensu ya zauna da dattawan da suka biya haraji da hannunsu, ya rubuta abin da suka ji da yadda suka ji shi, tun suna raye. Alkawari kaya ne, in ji Hausawa, kuma mai ji ma yana da nasa ɗaukar. Allah ya sa mu gane.