Citta da Allurar Daji: Magana Ta Tsaya Kan Awo

Idan hunturu ya kama, mai bin hanyar Zonkwa zuwa Kachia ko Kafanchan zai ga citta an tsaga ta biyu an shanya kan duwatsu, ƙamshinta na dukan hanci. Daga wannan yanki mafi yawan cittar Nijeriya take fitowa, shi ya sa majinyacin da ya dawo daga Asibitin Koyarwa na Shika bayan allurar ciwon daji, dangi kan tarye shi da tafasasshen ruwan citta. Al'adar tana da tushe, sai dai abin da ya rage mata shi ne awo.

Magungunan ciwon daji masu ƙarfi sukan taɓa hanta, wadda ita ke daidaita maiƙon da ke yawo a jini. Doxorubicin kan ɗaga kolestarol a jikin ɓerayen gwaji, asparaginase da ake ba masu sankarar jini kuwa kan sa maiƙon ya hauhawa. Masana sun ba ɓeraye tataccen ruwan citta, suka ga illar da doxorubicin ke yi wa hanta da zuciya ta ragu, suna danganta hakan da sinadaran gingerol da shogaol. To amma ɓera daban, mutum daban. A jikin mutane, hujja mafi ƙarfi ta tsaya ne kan tashin zuciya: binciken Jami'ar Rochester ta Amurka na 2012, kan majinyata 576, ya nuna rabin giram zuwa giram ɗaya a rana yana rage shi, idan an haɗa da maganin amai na asibiti.

Mai cewa saiwa da ganye camfi ne ya manta cewa vincristine, da ake yi wa yara masu sankarar jini, daga wani furen Madagaska aka samo shi. Mai cewa kakanninmu sun sha citta ba abin da ya same su shi ma ya manta cewa ba su sha ta tare da allurar da ke rage ƙwayoyin daskarar da jini ba, ga shi citta mai yawa na iya tsinka jini. A Turai, ganyen St John's wort da ake ɗauka marar illa an gano yana raunana maganin ciwon daji na irinotecan a jikin majinyata.

Saboda haka, majinyaci ya gaya wa likitansa duk abin da yake sha, likita kuma ya saurara ba tare da tsawa ba, domin tsawa ce ke sa a ɓoye tukunya. Masu bincike a Zariya kuwa, cittar tana nan a ƙofar gidansu. Su gwada ta a jikin majinyatan da suka amince, su auna maiƙon jininsu kafin allura da bayanta, har a san giram nawa ke taimako, nawa ke cutarwa.