Zakaran da ya yi cara a Amurka: abin da na ji cikin Afrique Victime

Ƴan uwa ɗalibai, bari in soma da kunyar da na sha. Bakansin bara na koma gida Gazawa da wani kundin waƙoƙi cikin salulata, ina ta ɗokin in ji da shi a fadarmu. Abokin ɗakina a Maraɗi, ɗan Abalak, shi ya tura mini shi ta Bluetooth, ya ce: "Kai mai son surutu bisa waƙa, ji wannan tukuna." Bayan isha, shayi na bisa gawayi, na haɗa salula da ƴar sifikarmu na saki. Ba a yi minti biyu ba wani ya ce: "Wanga kiɗan Buzaye hwa? Don Allah cire muna, sa Breaker." Anka yi dariya. Na cire.

Kundin shi ne Afrique Victime na Mdou Moctar da ƙungiyarsa, wanda ya fito ran 21 ga watan Mayu na 2021. Jaridun kiɗa na Amurka da Ingila sun sa shi cikin jerin mafi kyawon kundayen wannan shekara. Ɗan ƙasarmu ne ya yi shi. A Gazawa bai kai minti biyu ba. Tun daga wannan dare tambaya ɗaya ke cina: laifin kundin ne, ko laifin kunnenmu?

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Buzu ne daga jihar Tawa, yankin Abalak da Cintabaradan, daga baya ya zauna Agadas. Gidansu gidan addini ne, ba a son kiɗa, don haka gitarsa ta farko shi ya ƙera abinsa da katako da wayar birkin keke. Bahago ne. Wanda ya sa mishi son gita shi ne Abdallah Oumbadougou, uban gitar Buzayen Nijar, da ya rasu a 2020.

Ga abin da ya kamata ƴan fadarmu su sani. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato anka ɗauke shi a 2008, cikin situdiyo irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa, da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya wadda muke ji bakin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef. Waƙoƙin sunka yi ta yawo daga salula zuwa salula, daga katin memuwar zuwa wani, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da ɗaya ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones. Wato mutumen da munka ce a cire, da salon da muke so ya fara, kuma ta hanyar da muke samun waƙa ya yi suna. Daga baya ne hanyarmu da tasa ta rabu.

Afrique Victime aikin mutum huɗu ne. Mdou na riƙe da babbar gita da waƙa. Ahmoudou Madassane na riƙe da gita ta biyu mai tsare amo. Souleymane Ibrahim na bisa ganguna. Na huɗunsu, Mikey Coltun, Ba'amurke ne, shi ke kaɗa gita mai kaurin murya, shi ne kuma ya tsara ɗaukar sautin. Kamfanin da ya fitar da shi, Matador, na birnin New York ne, gidan ƙungiyoyin rok masu zaman kansu, waɗanda ba su ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai. Kafin shi sun yi Ilana a 2019, wanda anka ɗauka a Detroit. Shi wannan kau ba wuri ɗaya anka zauna anka yi shi ba. Suna cikin yawon wasa ƙasa ƙasa sunka riƙa ɗaukarsa gutsure gutsure: wani a situdiyo, wani a ɗakin otal, wani bayan dandamali, wani nan Nijar a fili. Daga baya Coltun ya harhaɗa.

Na daɗe bisa wannan batu don ana jin sa cikin sautin. Kiɗan gitar Agadas kiɗan biki ne. A fili ake yin sa, da janareto, da tsofaffin sifikoki, ƙura na tashi, waƙa ɗaya ta yi tsawon da masu rawa sunka ga dama. Haɗarin situdiyo shi ne ta wanke wannan ƙura ta bar maka abu mai tsabta marar rai. Haɗarin fili kuma shi ne komi ya cakuɗe ka kasa rarrabe gita da ganga. A ganina babbar nasarar kundin ita ce ya tsaya tsakani. Kowane kayan kiɗa na da wurinsa, amma ƙungiyar na gudu kamar ba ta san ana ɗaukarta ba.

Waƙoƙi tara ne. Ta farko, "Chismiten", ba da gita take buɗewa ba. Takun sawu za ka ji bisa ƙasa, da kukan ƙwari, da carar zakara, sannan gita ta shigo. Abin da ya kama ni ciki shi ne gudu. Waƙar na farawa da tafiyar raƙumi, a hankali mai ganga ya riƙa ƙara wuta, ba ka ankara ba sai ka ji ana sukuwa. Mu da munka tashi da kiɗan kwamfuta mun manta da wannan. Kwamfuta ba ta ƙara gudu don zuciyarta ta yi zafi, yadda ta fara haka za ta ƙare. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin dambe ko kokowa ya san yadda makaɗi ke hawa da mutane sannu sannu har gashin jiki ya tashi. Souleymane Ibrahim irin wannan makaɗi ne. Turawa sun fi yabon yatsun Mdou. Ni na fi ba mai ganga tukuici.

Su yatsun ma akwai magana. Masu sharhi na waje sun cika kwatanta shi da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen, kuma gaskiya ne ya kalli bidiyon Van Halen ya ɗauki wasu dabaru. Sai dai in ka kashe wutar a zuciyarka ka bi ainihin layin da yake kaɗawa, za ka ji ɗan gajeren zance ne ake maimaitawa ana yi mishi ado, kamar yadda mai gurmi ko mai kuntigi ke yi. Jagora ya ba da waƙa, ƴan amshi su karɓa, tafi na biye. Wannan gini namu ne mu ma. Ƙarar lantarkin ce baƙuwa.

Rabin kundin ma ba shi da wannan ƙara. "Tala Tannam" da "Layla" da gitar katako anka yi su, a natse, irin kiɗan da ake yi wa mutum biyar bisa tabarma. Da da su na fara a fadarmu, wataƙila da labarin ya sake. Kuskurena ke nan na farko.

Yanzu abin da ban so ba. Na ɗaya, a waƙoƙin lantarki murya na nutsewa ƙarƙashin gita. Ga Bature wanda ba ya jin Buzanci wannan ba hasara ba ce, muryar wani kayan kiɗa ce kawai gare shi. Ga mu kau waƙa magana ce. Shata da Ɗan Anace don abin da sunka faɗa ake tuna su. Abokina ɗan Abalak da kansa sai da ya maimaita wasu wurare kafin ya fassara mini. In mai harshe na wahala, to an haɗa sautin ne da wani kunne a zuciya. Na biyu, an yi kundin don manyan sifikoki. Bisa salula gitar Coltun ɓacewa take ɗungum, sauran ya zama tsiwa. Waƙoƙin Kano an gina su don ƙaramar sifika, shi ya sa suke cin kasuwa a tasha da bisa kabu-kabu.

Na uku ya fi nauyi, kuma ya shafi waƙar da kundin ya ci sunanta. Ta wuce minti bakwai, akwai Faransanci cikinta, tana kuka bisa zaluncin da ake yi wa Afirka, tana gargaɗi bisa yin shiru, har ta ambaci Gaddafi. Ƙarshenta gita ce kaɗai ke kururuwa, ganguna na kora ta, kuma ban san wani kiɗa da ya fi wannan kama da fushi ba. Fushin na da tushe. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit, ma'adinin Cominak na Akokan an rufe shi ƙarshen watan Maris na 2021, ƙasa da wata biyu kafin kundin ya fito, amma har yau yawancin ƙauyukanmu da fitilar toci ake karatu. Mu nan Maraɗi mun ga yadda anka yanke kuran da ke zo muna daga Najeriya a watan Agusta na 2023.

To amma ni kalmar "victime" ta tsaya mini a wuya. Ƴan ajinmu na Gidan Runji, in sun ba ka labarin ƙauyukan bakin iyaka, na sace shanu da ɗauke mutane don kuɗin fansa, ba Bafaranshe ke cikin labarin ba. Wanda ya ci kuɗin rijiya ba daga Paris ya zo ba. Waƙar da ta nuna yatsa waje kaɗai tana da daɗin ji ga mu, don ta wanke mu, tana kuma da daɗin saye ga matashin New York, don ya ji ya tsaya wa gaskiya da kuɗin tikiti. Adalci ya sa in ƙara da cewa Mdou bai tsaya nan ba. A Funeral for Justice na watan Mayun 2024, wanda sunka ɗauka kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, akwai waƙar da ta fuskanci Faransa kai tsaye, amma waƙar da ta buɗe kundin da shugabannin Afirka take. Ashe shi ma ya ga giɓin.

Akwai wani abu cikin sayar da Afrique Victime da har yau ban san ko in yi dariya ko in yi tsaki ba. Ban da faifai, Matador ta fitar da ƴan ƙayyadaddun salula Nokia 6120 da waƙoƙin a ciki, don tunawa da yadda kiɗan Mdou ya fara yawo. Salular da talauci ya sa muke riƙewa ta koma kayan ajiya na masu tara abin tarihi. A lokaci guda na zaga masu tura waƙa a kati a tashar Agye, na tambayi uku, ba wanda ke da kundin. Kiɗan da salula ta haifa ya tafi duniya ya dawo bai samu salula ba.

Duk da haka ba zan ɗora wa kamfani dukan laifin ba. "Kiɗan Buzaye" da anka ce a fadarmu ba sharhin kiɗa ba ne, katanga ce. Mun san waƙoƙin Indiya da ba mu jin ko kalma ɗaya, muna bin na Legas da na Abijan, sai harshen maƙwabci ne ya zama baƙo? Iyayenmu da sunka ga tawayen shekarun 1990 suna da dalilinsu na ɗari ɗari da gitar nan, don a lokacin muryar tawaye ce. Mu fa, mene ne namu dalili?

Kafin in koma makaranta na kwana Agye wurin kawuna, manomi, wanda bai taɓa zama aji ba. Da dare na sa "Tala Tannam" a hankali don kaina. Ya ce: "Ƙara shi kaɗan, ɗana." Ya saurara har ƙarshe. Sai ya shiga ba ni labarin ayarin Buzaye da ke saukowa da kaka da gishirin Bilma da dabino su koma da hatsi, da waɗanda ke sauka gonar kakanmu bayan girbi dabbobinsu su bar taki. Ya ce: "Wanga yaro kewa gare shi. Ko ban ji abin da yake hwaɗi ba, na ji kewa." Kawu ya ji abin da mu masu takarda munka kasa ji, don shi ya zauna da mutanen, mu kau a taswira munka san su.

Hukuncina ga shi. Afrique Victime babban kundi ne, kuma inda ya fi ƙarfi shi ne inda ƙungiyar ke kaɗawa kamar mutum ɗaya. Inda ya yi rauni shi ne inda ya yi tunanin mai saye fiye da mai harshe. Wannan jarrabawa tana jiran kowane ɗayanmu cikin ƙungiyar nan. Ɗan littafin da ke hannunka fotokopi ne, da karo karo munka buga shi, ba zai wuce hannun ƴan uwa ba. In wata rana wani daga waje ya ce zai buga mu, da harshen wa za mu rubuta, kuma wa za mu sa gaba a zuciya?

Wanda ke son kundin ya same ni da katinsa bayan darasi, kyauta ne. Sharaɗi ɗaya: ka fara da waƙa ta huɗu, ka nemi sifika mai kyau, kuma in kana da aboki mai jin Buzanci ka dafa mishi shayi ya zauna kusa da kai.